Yadda Ake Rage Asarar Wuta da Kare Farantan Sola Daga Inuwar da Ke Taɓa Wani Sashensu

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan inuwa ta rufe kashi ɗaya cikin goma na farantin sola, wutar da zai bayar za ta ragu da kashi ɗaya cikin goma ne kawai. Wannan lissafi ba ya aiki a kan sola, kuma rashin sanin haka ne ke sa a sauya batura masu lafiya, a zargi inbata, ko a ƙaro farantai, alhali abin da ke cinye wutar inuwar wani siririn bututu ce da ke gittawa a kan rufi na awa biyu kowace hantsi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Jagoran nan ya bi matakan gyara ne bisa tsarin da ya fi dacewa a bi su, domin na'urorin zamani da ake tallatawa a matsayin maganin inuwa su ne ya kamata su zo a ƙarshe, bayan an gama abin da ido da tsani da igiyar awo za su iya yi.

Abin da ke faruwa a cikin faranti

Idan aka dubi fuskar farantin sola za a ga ƙananan murabba'ai a jere, waɗanda za mu kira ƙwayoyi. Farantin da aka saba gani yana da ƙwaya 60 ko 72, kowace tana ba da kimanin rabin bolt zuwa bolt 0.6, an kuma haɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar sarƙa domin boltejinsu ya taru. A irin wannan haɗi na jere, wanda masu sana'a ke kira siris, wutar da ta ratsa ƙwaya ta farko ita ce dole ta ratsa ta ƙarshe, saboda haka ƙwayar da ta fi kowace rauni ita ke yanke yawan amfiyar (wato yawan wutar da ke gudana) da sauran za su iya turawa. Yawan amfiyar ƙwaya kuwa yana bin yawan hasken da ya sauka a kanta ne kai tsaye. Ganye guda da ya manne a kan ƙwaya ɗaya yana iya danne aikin sauran, tamkar wake ɗaya da ke ɓata gari.

Asarar wuta ita ce ƙaramar matsalar. Babbar ita ce ƙwayar da ke cikin inuwa takan daina samar da wuta ta koma mai sha, domin sauran ƙwayoyin suna tura mata bolteji ta baya, ita kuma tana mayar da wannan ƙarfi zafi. Ƙwayar da a ka'ida take ba da kimanin wat 5 tana iya ɗaukar zafin da ya kai wat 50 idan inuwa ta rufe rabinta, tunda tana wuce da kusan amfiya 5 alhali bolt 11 na danne ta ta baya. Wannan shi ne tabon zafi, wanda kan wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, ya sauya launin robar da ke manne ƙwayoyin da gilashi, ya ƙone bayan farantin, wani lokaci har gilashin ya tsage.

Domin hana wannan ɓarna, kamfanoni suna sanya dayod na ratse, wato 'yar na'urar da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, a cikin akwatin haɗi da ke bayan faranti, yawanci guda 3, kowanne yana gadin kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin, wato 20 a faranti mai ƙwaya 60, ko 24 a mai 72. Idan wani rukuni ya gaza, dayod ɗinsa yakan buɗe wa wutar hanya ta kewaye rukunin baki ɗaya, a rasa sulusin boltejin farantin da kuma kimanin rabin bolt da dayod ɗin kansa ke ci. Abin da ya kamata a riƙe shi ne dayod ɗin nan na'urar kariya ce ta lokacin larura. Idan aka bar shi yana ɗaukar amfiya 9 ko 13 na awoyi kowace rana a cikin rufaffen akwati mai zafi, tsufansa zai zo da wuri, kuma littattafan kafawa na kamfanoni da dama suna gargaɗi a fili a kan barin faranti cikin inuwa ta dindindin.

Mataki na farko: a san inuwar tukuna

Gani ya kori ji. A hau wurin da farantan suke, ko inda ake shirin kafa su, a rana mai haske, a ɗauki hoto daga wuri guda kowace awa tun daga ƙarfe 8 na safe har zuwa 5 na yamma. A rubuta kowane abu da ya fi farantan tsayi: bishiya, katangar bene, tankin ruwa, eriya, bututun hayaƙi, turken lantarki, wayoyi, ginin maƙwabta. Awoyin da suka fi daraja su ne daga 9 na safe zuwa 3 na yamma bisa lokacin rana, domin a cikinsu ake samun mafi yawan wutar yini. Inuwar da ta faɗo da ƙarfe 7 na safe ba ta kai a tayar da hankali a kanta ba, amma wadda ta faɗo da tsakar rana ko da ta minti 40 ce sai an nemo mata mafita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a duba sau ɗaya a yanke hukunci. Duniya a karkace take da digiri 23.4, shi ya sa tsayin rana a sama da tsakar rana yake sauyawa da kusan digiri 47 tsakanin 21 ga Yuni da 21 ga Disamba a wuraren da ba sa cikin yankin tsakiyar duniya. A wurin da ke digiri 30 arewa da layin Ikwaita, alal misali, rana takan kai tsayin digiri 83 a Yuni, amma ba ta wuce 37 a Disamba. Katanga mai tsayin mita 2 za ta yi inuwar da ba ta kai santimita 25 ba a Yuni, ta kuma yi ta kusan mita 2.7 a Disamba. Wanda ya kafa farantansa a Yuni bai ga komai ba tukuna. A kudancin duniya lamarin yana juyawa ne, a yankin da ke tsakanin digiri 23.4 arewa da digiri 23.4 kudu da layin Ikwaita kuwa rana takan bi ta kudu a wasu watanni ta bi ta arewa a wasu, don haka dole a duba ɓangarorin biyu.

Lissafin tsayin inuwa ba shi da wuya. Idan rana tana digiri 45, inuwa daidai take da tsayin abin. Idan tana digiri 30, inuwa ta ninka tsayin sau 1.73, idan kuma ta sauko zuwa digiri 20, sau 2.75. Manhajojin waya da ke nuna hanyar rana a kowane wata suna taimakawa matuƙa, haka ma PVGIS, wanda cibiyar bincike ta Tarayyar Turai ke bayarwa kyauta a intanet, da PVsyst da ƙwararru ke zana gini da bishiyoyi a cikinsa su fitar da asarar shekara.

Akwai wani bambanci da ya cancanci a tsaya a kansa, wato tsakanin inuwa mai kauri da inuwa mai dishi-dishi. Faɗin rana a sama kimanin rabin digiri ne, saboda haka abu siriri yana daina tare ta gaba ɗaya idan nisansa ya wuce kaurinsa sau 108 ko makamancin haka. Waya mai kaurin santimita 1 da ke nesa da faranti da mita 3 ba za ta yi cikakkiyar inuwa ba, sai dai ta rage hasken kaɗan, amma wannan wayar idan tana kwance taƙi ɗaya a saman gilashin za ta zana baƙin layi sosai. Turke mai kaurin santimita 10 kuwa sai ya yi nisan kusan mita 11 kafin duhun inuwarsa ya narke. Ma'anar wannan ita ce ƙaramin abu na kusa yana iya fin babban abu na nesa ɓarna, kuma shi ne aka fi rainawa.

Mataki na biyu: a kawar da abin da zai kawu

Eriya da faifan tauraron ɗan'adam ana iya mayar da su bayan farantai, wato ɓangaren da rana ba ta bi. Bututu ana iya rage masa tsayi ko a karkatar da shi idan ƙa'idar gini ta yarda. Reshen bishiya a sassabe shi, a kuma tuna cewa zai sake tohowa, don haka a sa shi cikin aikin kowace shekara. Idan abin ba ya kawuwa, a matsar da farantin. A ganina, farantai 9 da ke cikin rana tsantsa sun fi 10 da ɗaya daga cikinsu ke shan inuwa kullum, kuma ba laifi ba ne a bar wani gefen rufi fayau.

Farantai ma suna yi wa juna inuwa idan an kafa su layi-layi a kan shimfiɗaɗɗen rufi ko a ƙasa. Faranti mai tsayin mita 1.7 da aka karkata da digiri 20 bakinsa na sama yana tashi santimita 58, kuma idan rana tana digiri 30 inuwarsa za ta kai mita 1 a bayansa. A auna tazarar layuka da ranar da rana ta fi yin ƙasa a shekara.

Datti shi ma inuwa ne, kuma ya fi kowace kusa tunda a jikin gilashin yake. Ƙurar da ta bazu daidai a ko'ina tana rage wuta ne kawai, amma kashin tsuntsu, da ganye, da laka da ke taruwa a bakin firam na ƙasa bayan ruwan sama ya bushe, su ne ke haifar da tabon zafi. Wannan layin laka na bakin ƙasa yakan rufe gefen ƙwayoyin sahun ƙarshe duka, kuma ya fi yawa a farantan da aka kwantar ba karkata. Karkatar da ba ta gaza digiri 10 ba tana taimaka wa ruwa ya gangara da dattin. A wanke da sassafe ko da yamma da ruwa mai tsabta da tsumma ko burushi mai laushi, kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya yi zafi, kada kuma a taka faranti, domin takawa tana tsaga ƙwayoyi ta yadda ido ba ya gani.

Mataki na uku: a juya faranti bisa yadda inuwar ke zuwa

Nan ne ake samun riba ba tare da an sayi komai ba. A faranti mai ƙwaya 60, ƙwayoyin suna jere ne sahu 6 da ke bin tsawon farantin, kowane dayod kuma yana gadin sahu biyu. Idan aka kafa farantin a tsaye, inuwar katanga da ta hau bakinsa na ƙasa za ta taɓa duka sahu shidan a lokaci guda, rukuni ukun su faɗi tare, farantin ya zama kamar babu shi, ko da yake abin da inuwar ta rufe bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Idan aka kwantar da shi a kan dogon gefensa, wannan inuwar za ta kwanta a kan sahu ɗaya ko biyu ne kawai, dayod ɗaya ya ratse, sulusi biyu su ci gaba da aiki. Inuwar da ke zuwa a tsaye daga gefe, kamar ta turke, akasin haka take so, domin faranti a tsaye zai sa ta bi tsawon rukuni ɗaya maimakon ta yanke ukun.

Yawancin farantan da ake ƙerawa yanzu masu rabin ƙwaya ne, inda aka yanka kowace ƙwaya biyu aka sami 108, ko 120, ko 144. Ana gane su da layin da ya raba su a tsakiya da ƙananan akwatunan haɗi uku a baya. Rabin sama da rabin ƙasa suna aiki kafaɗa da kafaɗa ne, don haka idan an kafa shi a tsaye inuwa ta rufe bakin ƙasa, rabin sama zai ci gaba da ba da wuta, a sami kusan rabin ƙarfin farantin maimakon a rasa duka. Irin wannan ya dace da wurin da inuwar layin gaba ko ta gajeriyar katanga ke hawowa daga ƙasa.

Mataki na huɗu: a sake duba haɗin wayoyi

Babu amsa guda ga tambayar ko haɗin jere ya fi ko haɗin kafaɗa da kafaɗa, wanda ake kira faralel. Amsar tana ga irin kwantirolar caji (na'urar da ke tsakanin farantai da batir) ko inbatar da ke karɓar wutar.

A ƙaramin tsari mai kwantirola nau'in PWM, wato wadda ke haɗa faranti da batir kusan kai tsaye, farantin yana aiki ne a boltejin batir. Faranti mai ƙwaya 36 da ake haɗawa da batir mai bolt 12 yana ba da kimanin bolt 18, kuma yawanci dayod biyu gare shi. Idan inuwa ta kashe rabinsa, abin da ya rage bolt 9 ne, wanda bai kai na batir ba, saboda haka ratsewar ba ta amfana komai, cajin wannan faranti ya tsaya kusan cak. A irin wannan tsari haɗin kafaɗa da kafaɗa ne ya dace, domin farantin da ya shiga inuwa shi kaɗai zai yi rauni, sauran su ci gaba. Sai dai wannan haɗi yana tara amfiya, kuma idan amfiya ta ninka sau biyu asarar da ke cikin waya takan ninka sau huɗu, don haka sai an ƙara kaurin waya. Idan farantai ko layukan farantai da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa sun kai uku ko fiye, kowanne yana buƙatar fis nasa, wanda bai wuce adadin da aka rubuta a takardar bayan farantin ba, domin kada sauran su tura wuta ta baya cikin wanda ya sami matsala.

A tsari mai MPPT, wato na'urar da ke laluben boltejin da zai ba da wuta mafi yawa, haɗin jere yana iya fin kyau, amma da sharaɗi. A ɗauki farantai 10 masu wat 300, kowanne yana aiki a bolt 32 da amfiya 9.4, jimilla bolt 320 da kimanin wat 3,000. A ce inuwa ta faɗa wa rukuni ɗaya na faranti ɗaya har ba ya iya wuce da fiye da amfiya 2. Yanzu na'urar tana da wurin tsayawa biyu. Tana iya barin layin duka ya bi amfiya 2 a bolteji mai tsawo, kimanin 370, ta sami wat 740. Tana kuma iya sauko da bolteji zuwa kimanin 309 ta tilasta wa dayod ya ratse rukunin, amfiya ta koma 9.4, ta sami kimanin wat 2,900. Bambancin ya kusa ninki huɗu, kuma inuwar ɗaya ce.

Abin da ke sa wasu na'urori su maƙale a wurin farko shi ne yadda suke lalube. Sukan ɗan matsar da bolteji, idan wuta ta ƙaru su ci gaba, idan ta ragu su dawo, kamar mai hawan dutse cikin hazo da ya iske ƙaramin tudu ya zaci ƙololuwa ce. Na'urori masu kyau sukan share dukan zangon bolteji lokaci-lokaci don su gano tudun da ya fi tsayi. Kamfanin SMA yana kiran wannan aiki ShadeFix, Fronius kuma Dynamic Peak Manager, wasu kamfanoni suna da nasu sunayen. A buɗe littafin na'urar a nemi wannan saiti, a tabbatar a kunne yake, domin a wasu na'urori sai an kunna shi da hannu.

Sharaɗi na biyu shi ne tsawon layin. Kowace na'urar MPPT tana da mafi ƙarancin boltejin da take aiki da shi, kuma kwantirolar caji ta yau da kullum tana bukatar boltejin farantai ya ɗara na batir. A lissafa yadda layin zai kasance bayan an cire rukunonin da inuwa ke kashewa, a kuma tuna cewa zafi yana rage bolteji da kimanin kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri da ƙwayar ta haura 25. Ta ɗaya ɓangaren kuma, boltejin faranti a buɗe, wato sa'ad da ba a jan wuta daga gare shi, yana hawa da sanyin safiya, kuma bai halatta ya wuce iyakar da na'urar ke ɗauka ba.

Idan inbata tana da mashigar MPPT biyu, a tara farantan da inuwa ke taɓawa a mashiga ɗaya, masu rana tsantsa a ɗayar. Kada a haɗa layi mai inuwa da layi mara inuwa kafaɗa da kafaɗa a mashiga guda idan akwai yadda za a kauce, tunda bolteji ɗaya za a tilasta musu, alhali mai inuwar yana bukatar a sauko masa. Haka nan kada a jera farantan da ke kallon gabas da masu kallon yamma a layi guda, domin a wurin wutar lantarki wannan ma inuwa ce. A tsarin batir, ƙara ƙaramar kwantirola ta biyu don farantai biyu ko uku masu matsala sau da yawa ya wadatar.

Mataki na biyar: na'urorin kan faranti

Sai an kai nan ne ya dace a yi maganar oftimaiza da ƙananan inbatoci. Oftimaiza ƙaramin akwati ne da ake maƙalawa a bayan faranti, yana rage boltejin farantin da ya yi rauni ya ƙara masa amfiya don ya yi daidai da sauran layin. Tsarin SolarEdge yana bukatar a sa wa kowane faranti, a kuma yi amfani da inbatar kamfanin, Tigo kuwa yana da nau'in da ake iya sa wa farantan da inuwa ke taɓawa kaɗai. Ƙaramar inbata, irin ta Enphase, tana mayar da wutar kowane faranti irin ta gida tun a kan rufi, ta yadda babu wanda ke jiran wani.

Amfaninsu gaskiya ne a rufi mai fuskoki da yawa, ko inda inuwar bishiya ke yawo a kan farantai daban-daban cikin yini, ga kuma damar ganin aikin kowane faranti a waya. Amma ba sa ƙirƙirar haske. Farantin da ke cikin duhun inuwa ba zai ba da abin da bai samu ba. Suna cin wani ɗan kaso na wutar, suna ƙara yawan mahaɗai da kayan lantarki a wuri mai zafi da wahalar hawa, kuma ƙananan inbatoci suna bukatar tsari na musamman kafin su yi aiki da batir a inda babu wutar kamfanin lantarki. Inda inuwar kaɗan ce, inbata mai laluben dukan zango takan kusa kamo su, kuma kwalliya ba lallai ta biya kuɗin sabulu ba.

Mataki na shida: a gwada dayod, a nemi tabon zafi

Kafin a taɓa komai, a kashe inbata ko kwantirola, a katse wutar farantai a makatsarta, sannan a zare mahaɗai. Kada a kuskura a zare mahaɗin MC4, wato fulogin da ke bakin wayoyin faranti, yayin da wuta ke gudana, domin wutar faranti ba ta sauya alkibla, tartsatsinta ba ya mutuwa da kansa da sauƙi. Layin farantai yana ɗauke da ɗaruruwan bolt muddin akwai rana, saboda haka wanda bai saba ba ya kira ƙwararre.

Dayod yana lalacewa ta hanya biyu. Idan ya haɗe, wato wuta na bi ta cikinsa kullum, abin da tsawa ta kusa kan haddasa, rukuninsa ya fita daga aiki har abada, kuma mita za ta nuna hakan nan take, domin farantin da ya kamata ya ba da bolt 39 a buɗe zai nuna kimanin 26. Idan ya yanke kuwa, mita ba za ta nuna komai ba a cikin rana tsantsa, alhali wannan ne ya fi haɗari, tunda ƙwayoyin sun rasa mai gadinsu.

Ga yadda ake kama shi. A ware faranti guda, a lulluɓe fuskarsa duka da bargo mai kauri, a haɗa wayoyinsa biyu da juna, a maƙala mitar amfiya mai baki wadda ke auna wutar batir, sannan a yaye bargon a rubuta abin da ta nuna. A yanki kwali daidai girman ƙwaya ɗaya a ɗora a kan wata ƙwaya a rukuni na farko. Idan dayod ɗin lafiya yake, amfiyar za ta tsaya kusan inda take, domin sauran rukunoni biyu suna tura wutarsu ta hanyar ratse. Idan ta faɗi warwas, dayod ɗin ya yanke, kuma a ɗauke kwalin cikin 'yan daƙiƙoƙi kada ƙwayar ta ƙone. A maimaita a sauran rukunonin. A faranti mai rabin ƙwaya sai an rufe ɗaya a rabin sama da ɗaya a rabin ƙasa na rukuni guda. Kafin a raba wayoyin a sake lulluɓe farantin. Mitar hannu ta yau da kullum ba ta wuce amfiya 10, farantan zamani kuwa suna kai 13 ko fiye, shi ya sa mai baki ta fi aminci.

Kyamarar zafi tana nuna abin da ido ba ya gani. Ana ɗaukar hoton ne yayin da tsarin ke aiki, a ƙarƙashin hasken da bai gaza wat 600 a kowane murabba'in mita ba, kamar yadda ƙa'idar IEC 62446-3 ta tanada. Ƙwaya guda da ta fi maƙwabtanta zafi a hoton alamar tabon zafi ce, dogon zane mai ɗumi da ya bi sahu biyu yana nufin rukunin an ratse shi, akwatin haɗi mai zafi fiye da na sauran farantai kuma yana nuna dayod ɗin da ke aiki ba hutu. Inda babu kyamara, a leƙa bayan farantin a nemi tabo mai launin ƙasa, ko kumburi, ko akwatin da ya narke. Akwatunan zamani da yawa an cike su da roba ba sa buɗuwa, don haka faranti mai mataccen dayod batun garanti ne ko sauyawa. A lura kuma cewa haɗa mahaɗai na kamfanoni daban-daban, ko da sun shige juna, yana cikin abubuwan da ke jawo zafi da gobara.

Mataki na bakwai: a bi sawun aikin

Bayan gyara, a zaɓi rana mai haske a rubuta wat ɗin da na'urar ke nunawa kowane minti 30, ko a duba zanen da manhajarta ke fitarwa. Tsarin da ba shi da inuwa yana zana tudu mai santsi da ke hawa zuwa tsakar rana ya sauko. Gajimare yana kawo faɗuwa ba tsari, inuwar abu kuwa tana cizon zanen ne a lokaci guda kowace rana, tana ɗan matsawa da sauyin watanni. Idan a daidai wannan lokaci bolteji ya sauka da kimanin bolt 11 ko ninkinsa amma amfiya ta tsaya, dayod ne ya ratse kuma na'urar ta yi aikinta. Idan bolteji ya hau amfiya ta faɗi, na'urar ta maƙale a ƙaramin tudu, sai a koma ga saitinta.

A tsarin batir, a duba ko cajin yana cika kafin rana ta faɗi. Batir mai dalma da ruwan asid da ke kwana ba a cike ba kullum yakan tara gishirin salfet a jikin farantansa na ciki ya rasa ƙarfi da wuri, na litiyam kuwa ya fi jure rashin cika. Idan akwai awoyin da inuwar ba ta kawuwa, a ɗauke manyan ayyuka irin su famfon ruwa da injin wanki daga cikinsu, a mayar da su lokacin da farantan ke cikin rana sosai. A ajiye zanen wata rana mai haske ta Maris, da ta Yuni, da ta Satumba, da ta Disamba, tare da hotunan rufin na waɗannan ranaku, domin a shekara mai zuwa a gane ko bishiyar maƙwabta ta ƙara tsayi ko kuwa wani dayod ne ya fara gajiya.